Kwaɗon Tsaunukan Kalifoniya: Laifin Cuta ne ko na Masu Zuba Kifi?

A tsaunukan Siyera Nebada da na kudancin Kalifoniya, a ƙasar Amurka, akwai wani ƙaramin kwaɗo mai rawayar ƙafa wanda masana ke kira Rana muscosa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 8 ba. Rabin rayuwarsa a ruwa take, rabi a kan duwatsun gaɓa, kuma da wuya ya yi nisa da ƙoramu da tafkunan da ƙanƙara ke shayarwa. A da, ya fi kowane kwaɗo yawa a wuraren. Binciken da aka wallafa a 2007, wanda ya raba shi gida biyu, wato Rana muscosa da Rana sierrae, ya nuna cewa ya ɓace daga fiye da kashi 90 cikin ɗari na mazauninsa na asali. Tun a 2002 gwamnatin Amurka ta sanya na kudancin Kalifoniya cikin halittun da ke gab da ƙarewa, sauran kuma suka biyo baya a 2014.

Idan ana maganar musabbabin wannan asara, an fi ambaton cutar fumfuna da ke kama fatar kwaɗi, wadda aka raɗa wa ƙwayarta suna a 1999. Ba a musun ɓarnarta. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita yake daidaita gishirin jikinsa. Idan ta lalace, zuciyarsa kan tsaya. Sai dai ɗora wa cuta dukkan laifi yana da daɗi ga ɗan Adam, domin cuta ba ta da ofis, ba ta da kasafin kuɗi, ba wanda ya sanya hannu ya amince da zuwanta. Kifi kuwa mutane ne suka kai shi.

Yawancin tafkunan saman waɗannan tsaunuka ba su da kifi tun asali. Daga ƙarni na 19 aka fara ɗora kifin tirawut a gwangwanaye bisa alfadarai ana zubawa, don masu kamun kifi na nishaɗi su sami abin jefa wa ƙugiya. Zuwa shekarun 1950 jiragen sama ne ke aikin. Illar ta yi tsanani saboda wata ɗabi'a ta wannan kwaɗo: sanyin wurin yakan sa 'ya'yansa su shekara biyu zuwa huɗu cikin ruwa da jelarsu kafin su zama kwaɗi. Dole su sami ruwa mai zurfi wanda ba ya daskarewa har ƙasa, kuma shi ne ainihin ruwan da kifin ke so. Garin neman gira aka rasa ido.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce gwajin Vance Vredenburg a gandun Kings Canyon, wanda ya fito a 2004. Ya sa raga ya kwashe kifi daga wasu tafkuna, cikin 'yan shekaru kwaɗi suka cika su. Masu ja da wannan aiki suna da abin faɗa, domin ba da jimawa ba cutar ta iso yankin ta yi wa kwaɗin da suka farfaɗo kisan kiyashi. Suka ce an kashe kifi a banza, an hana mutane nishaɗinsu, kwaɗon ma bai tsira ba.

Wannan hukunci ya yi gaggawa. A gandun Yosemiti, inda aka daina zuba kifi baki ɗaya a 1991, nazarin Roland Knapp da abokan aikinsa na 2016 ya gano cewa yawan Rana sierrae ya ninka sau bakwai cikin shekaru 20, alhali cutar tana nan. Abin da hankali zai ɗauka shi ne, garke mai yawa ne ke iya barin 'yan tsirarun da suka jure annoba su hayayyafa. Wanda kifi ya riga ya cinye saura kaɗan, cuta tana zuwa take share shi. Saboda haka kwashe kifi daga zaɓaɓɓun tafkuna da ƙoramu daidai ne, ko da yake kisa ne, kuma bai kamata a sakaya sunansa ba. Tirawut yana ko'ina a duniya, har da ɗimbin tafkunan tsaunukan da ba wanda ya ce a taɓa. Wannan kwaɗo kuwa, in ban da wani ɗan gefe na jihar Nebada da ya taɓa zama a da, a Kalifoniya kaɗai yake.

Lamarin kudu ya fi ban tsoro. A tsaunukan San Gabriel da San Bernardino da San Jacinto, manyan kwaɗin da suka rage a farkon shekarun 2000 ba su kai 200 ba, warwatse cikin 'yan ƙoramu. Gidan namun daji na San Diego yana kiwonsu yana mayarwa daji, amma gobarar dajin 2020 ta ƙone wani ɓangare na mazauninsu a San Gabriel, kuma bayan gobara laka da toka ne ke gangarowa su cike ƙorama. Kiwo a cikin gilashi yana sayen lokaci ne kawai. Duk kwaɗon da aka saki, sai an samo masa ƙoramar da babu kifi a cikinta.