Abin da garejin kanikanci zai koya wa makarantunmu



Kowa a cikinmu ya san yaron da ya gama firamare amma ba ya iya karanta wasiƙa, ya kuma san sa'ansa da ya yi shekara biyu a garejin Dilimi, har yana kwance birki ya mayar shi kaɗai. A ganinmu, hanyar koyarwa ce ta raba su.

Oga a gareji yakan yi aikin a gaban yaro, ya miƙa masa sifana, ya tsaya a kansa, in ya yi kuskure ya gyara masa nan take. Ba zai bar shi ya taɓa inji ba sai hannunsa ya faɗa a ƙananan ayyuka. Haka ma makarantar allo, ba a wanke allo sai yaro ya biya karatunsa. A boko kuwa, da shekara ta zagayo sai a tura kowa aji na gaba.

Gwamnati ma ta san amfanin koyo da hannu. Hukumar ITF da aka kafa a 1971 hedikwatarta tana nan Jos, a titin Miango, kuma ita ta ɓullo da shirin SIWES a 1973 don ɗalibai su je su taɓa aiki. Mu da muka yi difloma mun san abin da watanni huɗun nan suka ƙara mana. To me zai sa yaro ya jira sai ya shiga babbar makaranta?

Muna kira ga makarantun unguwanninmu da kwamitocin iyaye da malamai: kowane mako yaro ya tashi ya karanta da bakinsa a gaban malami. Lissafi a haɗa shi da awon tela da canjin kasuwa. Wanda bai iya ba a maimaita masa kafin a wuce.

Za a ce aji ya cika, malami ɗaya ba zai iya ba. Gaskiya ne. Amma a gareji ma manyan yara ne ke nuna wa ƙanana, oga yana dubawa.

Mu iyaye kuma, yau da dare mu miƙa wa yaranmu littafi mu ce su karanta mana, mu ji da kunnenmu.

Allah Ya shirya mana zuri'a.

Sakatare