ZAUREN MATA: Wa Ke Da Riƙon 'Ya'ya Bayan Saki?

'Yan uwana mata, har da ku mazan da ke leƙen wannan shafi a ɓoye, na san kuna nan. Ku yi mani haƙuri, wannan watan babu zancen girki ko kwalliya. Wata magana ce ta tsaya mani a rai tun da na dawo daga biki a Tsaskiya, can ƙasar Safana.

Muna ɗakin amarya ana ta shewa, sai na lura da wata baiwar Allah a rakuɓe bakin ƙofa, ba za ta wuce shekara 23 ba. Ta ƙura wa yaran da ke wasa a tsakar gida ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Da aka watse na matsa kusa da ita muka gaisa. Ashe wata biyar ke nan da mijinta ya sake ta, kuma ranar da za ta fito ya karɓe yaranta biyu ya miƙa wa kishiya, har da 'yar ƙaramar da ba a daɗe da yaye ta ba.

Na ce, "Ƙanwata, kin kai magana gaban alƙali?"

Ta zaro ido kamar na ce ta faɗa rijiya. "Haba Yaya, ni da kotu? Ai ɗiyanshi ne. Kuma ina na ga kuɗin lauya?"

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta cika mani ido. Ni ba malama ba ce, sakandare kawai na gama, amma da na dawo ban zauna ba sai da na tambayi masana, ga abin da na samo.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na jihar Katsina ke hukunci da ita, riƙon yara bayan rabuwar aure haƙƙin uwa ne. Malamai na ce masa hadana, yana nan a Risala da sauran littattafan fiƙihu. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Ci da sha da sutura da magani kuwa duk a wuyan uba suke, gwargwadon ƙarfinsa. In uwar ta sake aure, riƙon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye, mahaifiyarta ce ke gaba, wato kakar yaran ta wajen uwa. Akwai sharuɗɗa dai: mai riƙo ta kasance mai hankali da amana, da wurin zama na kirki. To ku duba, ina aka ambaci kishiya a nan? Al'ada ce kawai ta danne mu, har muka ɗauka ita ce addini.

Batun lauya kuma, a ƙaramar kotun Shari'a ba dole sai da shi ba. Za ki je wurin rajistara ki faɗi kukanki da Hausa, a rubuta, ki biya kuɗin shigar da ƙara, ki karɓi rasiɗi, a aika wa mutumin sammaci. In kunya ko tsoro ba za su bar ki ki yi magana ba, mahaifinki ko yayanki na iya tsaya maki wakili. Ki riƙe takardar sakinki da kyau, kar ki bar ta ƙarƙashin katifa gara ta cinye. Ki kuma san waɗanda za su yi maki shaida.

In hukunci bai yi maki ba, ba a nan duniya ta ƙare ba. Akwai Babbar Kotun Shari'a, sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina. Sai dai a kula, kwana 30 alƙalai kan bayar na ɗaukaka ƙara, ba a zama jiran sai kaka ta yi an sayar da gero. Ku tuna Amina Lawal, 'yar ƙauyen Kurami. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a 2002, lauyoyi suka tsaya mata, a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta wanke ta. Ita ma talaka ce kamar mu, ƙungiyoyi irin su WRAPA ne suka ɗauki nauyin shari'ar.

Ga wadda abin ya fi ƙarfinta, gwamnatin tarayya na da hukumar ba talakawa lauya kyauta, Legal Aid Council, tun 1976. Da can ta fi ƙarfi a shari'un laifuka, dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta, kuma tana da ofis a Katsina. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, su ma suna sauraron mata da yara. Mai son a fara da sulhu kuma, ga Hisba, ga limami da mai gari.

Amma fa in faɗi gaskiya, duk waɗannan ofisoshi a birni suke. Matar Tsaskiya ko ta ƙauyukan Batsari sai ta nemo kuɗin mota, ta nemi ɗan rakiya, ga hanyar da 'yan bindigar dajin Rugu suka sa mutane na bi da addu'a a baki. Wadda ma ba ta taɓa jin sunan wuri ba, ta yaya za ta neme shi? Islamiyyunmu a koya mana Ahalari da Ishmawi, muna gama babin tsarki da salla sai a yi mana aure, ba mu kai ga babin saki da ciyarwa ba. Mu marubuta ma ban cire mu ba. Sau nawa na rufe littafi a daren da aka kai amarya, turare na tashi, kamar daga nan babu sauran labari?

Na rubuta duk wannan a takarda na ba direban da ke zuwa Safana ya kai wa ƙanwar tawa. Saƙo ya dawo mani cewa baffanta ya yarda zai fara samun mai gari, in ba a daidaita ba shi da kansa zai raka ta kotu. Ku taya ta da addu'a.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa gadon matan da aka kashe wa mazaje, da yadda tumunin takaba ke salwanta a hannun dangin miji. Mai irin wannan labari ta rubuto, ba zan buga suna ba.