Yawan Kumfa Ba Shi Ne Tsabta Ba

'Yan'uwa manoma, idan an gama kaka matasanmu da yawa sukan koma sana'ar wankin mota da babur a bakin hanya, sau da dama kuwa da rancen ƙungiya suke sayen kayan aikin. Cikin kayan akwai bindigar kumfa, wato kwalba mai baki da ake haɗawa da tiyo ko injin feshin ruwa, tana watsa sabulu a jikin mota. Ra'ayina shi ne, kada ƙungiya ta ba kowa wannan rance sai ya koyi awo.

Ga dalili. Yawancin kwalaben lita 1 suke ci. Sabulun ruwa na wankin mota kuwa iri-iri ne, kowanne da ƙarfinsa, saboda haka a fara karanta takardar da ke jikin galan. Awon da aka fi yi shi ne kashi 1 cikin 10, wato mililita 100 na sabulu, kimanin cokalin cin abinci 7, da mililita 900 na ruwa. Da wannan awo galan mai lita 5 zai cika kwalba sau 50. Wanda ya riƙa tuttulawa da ido har ya ninka, sau 25 kaɗai zai samu. Rabin jarin ya bi kwata ke nan, ga bashi yana jira.

A zuba ruwa tukuna, sa'an nan sabulu, a juya a hankali. In aka fara da sabulu, kumfa za ta cika kwalbar kafin ruwan ya kai. A tace ruwan, gama yashi yana toshe bakin bindigar. A ɗauraye motar da ruwa zalla kafin a fesa, domin ƙurar hunturu tana karce fenti. A yi aikin a inuwa, a bar kumfar 'yan mintoci, amma kada ta bushe.

Wani zai ce mai mota kumfa yake so ya gani. Gaskiya ne, amma abin da zai komo da shi gobe shi ne motar da ta bushe ba dabbare-dabbare. Wani kuma zai ce garin sabulun wankin tufafi ya fi araha. Araha ba ta ado: yana cinye man da ke kare fenti, har launin ya dushe.

Abu biyu kuma. Kada a auna sabulu da mudubin ido, kada kuma a auna shi da ma'aunin maganin ƙwari. Ruwan wankin kuwa yana ɗauke da baƙin mai, sai a haƙa masa rami nesa da rijiya da lambu.

Mun san taki in ya yi yawa yakan ƙone shuka. Mu sa wannan magana cikin taronmu na gaba, kowane mai neman rance ya auna kwalba ɗaya a gaban kwamiti.