Kada Mu Ƙara Sayar da Itace a Tsaye

Jama'ar Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, jama'ar Gidan Waya da Godogodo da Gwantu, iyayenmu sarakuna da hakimai da dagatai, fastoci da limamai, iyaye mata da samarin gari, ku ba ni aron hankalinku. Maganar itatuwanmu na kawo, da injin da ke cinye su, da kuma yadda muke sayar da dukiyar kakanninmu kamar mun tsince ta a hanya.

Da zarar ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙauye suka bushe, kowa ya san kukan da ke tashi daga bayan gari tun da sanyin safiya. Injin yankan katako ne. Kuma kowa ya san yadda cinikin ke farawa. Dillali ya zo a kan babur, ya zagaya madacin da ke bakin gona, ya rungume shi da hannu biyu don ya ji kaurinsa, ya ɗaga kai ya duba miƙewarsa, sannan ya ce, "Baba, nawa za ka bar mini wannan?" Baba kuwa kuɗin makaranta na jiransa, ga taki bai saya ba, ga mai jego a ɗaka. Bai taɓa zama ya ƙirga falanki nawa ke cikin itacen ba. Dillali ya ƙirga tun kafin ya sauka daga babur. A nan aka gama cin Baba, tun ba a tayar da inji ba.

Washegari ofareta, mai sarrafa injin, ya iso da yaransa biyu, da jarkar fetur da galan na baƙin mai. A kayar da itacen, a datsa shi gunduwa-gunduwa, ƙafa goma sha biyu kowace. Sai a tsoma igiya cikin baƙin mai, a miƙe ta a kan gungumen, a ɗaga a sake ta, ta bar baƙin layi. Wannan layin shi ne ma'aunin aikin gaba ɗaya. Ofareta ya sunkuya, ya kafa bakin injin, yana ja da baya a hankali, garin katako na feshi a fuskarsa, har falanki ya rabu da uwarsa. Kafin la'asar yara sun fara jidar tu-bai-fo da wan-bai-tuwel a ka zuwa inda mota za ta iya shiga. Daga nan sai Jos ko Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ko 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, inda kuɗin gaske yake. A gona kuwa an bar kututture mai tsayin gwiwa, da manyan rassa da za su yi ƙafar kujera da gado, da ɓarin gefe huɗu na kowane gungume, da tulin gari ja da iska za ta watsa.

Ku tsaya a kan wannan garin, domin a cikinsa asararmu ta fi yawa. Sarƙar babban inji, irin Stihl 070 da maza ke saɓawa a kafaɗa, tana cin kusan milimita 9 na itace a kowane yanka. Falanki mai kaurin inci ɗaya milimita 25 ne. Wato duk falanki uku da aka fitar, an niƙe kusan na huɗu ya koma gari. Somil na tafi-da-gidanka, wanda zartonsa siririn bel ne na ƙarfe mai haƙora, yana tafiya a kan dogo, ba ya cin fiye da milimita 3. Ɗauki gungumen da aka gyara ya zama inci 20 a kauri. Sarƙa za ta ba ka falanki kamar 15, siririn zarto ya ba ka 18. Falanki uku ke nan a gunduwa ɗaya, kuma itace ɗaya yakan ba da gunduwa biyu ko uku. Ba a ma yi maganar karkata ba: yankan hannu ba ya miƙewa, wani wuri kauri, wani wuri siranta, sai kafinta ya kai injin goga an sake cire wani kaso kafin ya yi ƙofa da shi. Itacen da ya shekara sittin ko tamanin yana girma, a wuni ɗaya mun zubar da babban rabonsa a ƙasa.

Ba na cikin masu cewa a kama duk mai inji a ɗaure. Ofareta ɗanmu ne, da wannan aikin yake ciyar da gida, kuma da katakonsa muka rufe ɗakunanmu da coci-cocinmu da masallatanmu, da shi aka yi bencin da 'ya'yanmu ke zama a aji. Ghana ta gwada hani. Tun 1998 dokarta ta haramta tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji, amma bayan shekara goma da 'yan kai, bincike ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na katakon da ke kasuwannin cikin ƙasar daga bakin sarƙa ya fito. Aikin bai mutu ba, dare ya koma, kuma masu karɓar na goro a shingayen hanya suka samu abin yi. Abin da nake nema ya fi hani wuya, amma yana hannunmu: mu san darajar abin da muke da shi, mu tsara yadda za a yanke shi, mu kuma shata inda inji ba zai taka ba.

Mun riga mun ga abin da rashin tsari ke haifarwa. Ku tuna shekarun da aka yi rububin madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira koso, ana loda ta a kwantena zuwa Sin don yin kujerun alfarma. Taraba da Kogi da wasu jihohin tsakiyar ƙasar nan sun ga tireloli dare da rana. A 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa wa ido, a 2018 aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita. Kafin a kai ga haka dazuzzuka da yawa sun riga sun zama fili, kuma ƙauyukan da aka kwashe itacensu ba su ga asibiti ko gada a madadinsa ba. Baƙo bai san inda madobiya take a cikin daji ba. Wani ne daga cikin gari ya riƙe hannunsa ya kai shi, domin da ɗan gari akan ci gari. In mun gyara namu, na waje ba shi da ƙofa.

Allah ya yi wa ƙasar nan tamu baiwar da Arewa mai nisa ke sha'awa. Ruwan saman da ke sauka a Kafanchan yakan kai kimanin milimita 1,500 a shekara, ninki biyu na abin da Katsina ke samu. Shi ya sa muke da kurmi a bakin rafuka, da kwakwar manja da atili da loko, abin da ba ka gani in ka wuce Zariya. Kurmin Nindam da ke kusa da Kagoro sananne ne ga masu binciken tsuntsaye har a ƙasashen waje, saboda a cikinsa ake samun tsuntsayen da sai a dazukan Kudu ake ganinsu. Ruwan da ke zuba a Matsirga daga duwatsu da rafukan wannan yanki yake tattaruwa. Saiwar itatuwan bakin rafi ce ke riƙe gaɓa, inuwarsu ce ke hana ruwa ƙafewa da wuri. Ka sare su, damina ta zo ta kwashe ƙasar gonarka ta zuba a rafi, rani ya zo matarka ta ƙara tafiyar awa guda da bokiti. Manoman citta a Kachia da Jaba da Kagarko sun ɗanɗana a 2023, lokacin da cuta ta cinye amfanin shekara, yadda dogaro da abu ɗaya ke karya gida. Wanda yake da ɗorawa da kaɗanya da atili a gonarsa, ko a wannan shekarar matarsa ta kai kalwa da man kaɗe kasuwa.

Kuma ba sai mun je nesa neman shaidar cewa katako nomansa ake yi ba. Gandun dajin Nimbia yana nan a Ƙaramar Hukumar Jama'a, a kan hanyar Jos. A 1957 aka kafa shi, fiye da hekta 2,000, aka dasa tik da malaina a layi kamar dawa. Mutanen da suka haƙa ramukan dashen yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau ana cin guminsu. Malaina takan isa yanka a shekara 10 zuwa 15 a ƙasa irin tamu, kuma ita da tik in an sare su sukan sake tohowa daga kututture. Yaron da aka haifa bana, in ubansa ya dasa masa malaina ɗari a kan iyakar gona, kafin ya gama sakandare kuɗin jami'arsa na tsaye a gona. 'Yan uwanmu na Maraɗi ma, a ƙasar da ba ta samun rabin ruwanmu, tun daga 1983 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a riƙa gyara shi har ya zama itace. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar. Abin da ya sa manomi ya yarda shi ne tabbacin cewa itacen nasa ne.

To ga kirana.

Mai gona, daga yau kada ka sayar da itace a tsaye da ƙiyasin ido. Ka ce a yanka a gabanka, a ƙirga falanki, a biya ka a kan kowane ɗaya, ko a yi rabo. Ka tambayi kafintan unguwarku nawa ake sayar da tu-bai-siks na madaci ko kawo a kasuwa kafin ka buɗe baki. Rassa da ɓari naka ne, kada a bar maka su a matsayin shara. Kuma mata, ɗorawa da kaɗanya da atili a gidajenmu ku ne kuke wahalarsu, ku ne kuke cin moriyarsu. Kada a sayar da ko ɗaya ba da saninku ba. Ku kai maganar zumuntar mata da taron Islamiyya, ku tsaya a kanta.

'Yan katako da ofaretoci da kafintoci, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Somil na tafi-da-gidanka ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar mutum ashirin masu adashe da rajista ba. Mota ƙarama tana jan sa har bakin daji, a girka shi, a mirgino gungume, katako ya fito a miƙe, kuɗinsa ya ɗara na yankan hannu. Kafin ku kai ga sayensa, akwai firam na ƙarfe da ake ɗaura wa injin sarƙa don ya bi layi ɗaya ba karkata, kuma masu walda na garin nan za su iya ƙera shi in an nuna musu. Sarƙa ta ci gaba da aikin da aka yi ta dominsa, kayarwa da datsawa. Tsagawa a bar wa siririn zarto.

Ina kuma roƙonku saboda jikinku. Ƙarar wannan inji ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Dubi tsofaffin ofaretoci, sai ka ɗaga murya suke jin ka. Ana aiki da silifas, ba tabarau, ba abin toshe kunne, wani ma ya sha ƙwaya don kada ya ji gajiya. In bakin inji ya taɓa wani abu ya yi tsalle baya, fuska da wuya yake nema, kuma daga tsakiyar daji zuwa asibitin Kafanchan tafiya ce mai nisa ga mai zubar da jini. Maigidan da ya iya sayen inji ya iya sayen but da hular kwano da abin kunne. Kada ku ɗauki yaro ɗan makaranta ku ɗora masa ɗanyen falanki a ka.

Iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe, ƙasa a hannunku take. Daga Masarautar Jama'a zuwa Fantswam, daga Kagoro zuwa Bajju da Atyap da Ham da Kaninkon da Ninzo, ku tara dagatai a shata doka ta gari: kada inji ya kusanci bakin rafi da tushen ruwa, kada a taɓa itacen da ke ba da 'ya'ya, kuma duk wanda ya kayar da ɗaya ya dasa biyar ya raine su har su fi ƙarfin akuya. A Kuros Riba, mutanen Ekuri sun yi haka tun 1992, suka riƙe dajinsu mai fiye da hekta 30,000 da dokar da suka yi wa kansu. Masu cewa a share daji domin maɓoyar miyagu ne, na ji zafin da ke bayan maganarsu, mun binne mutane da yawa. Amma dajin da masu shi ke shiga kullum, da malamin daji da 'yan sintiri da masu aikin somil, ya fi wuyar ɓuya a kan wanda aka wawashe aka watsar.

Gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomi, ku ƙara malaman daji, ku biya su a kan kari, ku liƙa kuɗin takardar izinin sara a bainar jama'a don kowa ya san abin da zai biya da wanda zai biya. Malamai da ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ku buɗe gandun rainon itace, ku koya wa manoma awon gungume da tef.

Fastoci da limamai, ku ba wannan magana minti biyar a Juma'a da Lahadi mai zuwa. Samari, ku fara tara irin madaci da malaina da leda tun yanzu da rani, ku cika da ƙasa, ku jera a inuwa kusa da rijiya, ku yi ta ban ruwa safe da yamma, domin shukar ta isa dashe idan ruwa ya zauna a watan Yuni. Kowace unguwa ta sa ranar taro kafin ƙarshen wannan wata, a kira ofaretoci da dillalai su zauna a gaba, a rubuta abin da aka amince, mai unguwa ya sa hannu.