Wa Zai Riƙe Gobir Gobe?

Malam Edita, a wannan mako maganata ga 'yan'uwana malamai da akawuna na ƙasar Sabon Birni da Isa ta ke, da waɗanda ke zaune gida, da waɗanda aiki ya kai su Sakkwato ko Abuja.

Kowa ya san abin da ya sami ƙasarmu. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita, suka kashe mutane da yawa. A 2021 jaridu suka ba da labari cewa ɓarayin sun kai har ga naɗa nasu masu gari a waɗansu ƙauyukan Sabon Birni. A 2024 kuma suka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu cikin watan Agusta. Dubban talakawa sun ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi. Tsaron rayuka dai aikin Gwamnati ne, ba mu sauke mata wannan kaya ba. Amma akwai wani kaya da ya ke namu, watau renon waɗanda za su ja gaban jama'a, gama garin da ba shi da mai magana dominsa, kukansa ba ya wuce ganuwa.

Kakanninmu ba su jiran ranar naɗi kafin su nemi shugaba. Yaro ya kan fara da riƙe tsaransa a dandali, ya zama sarkin samari, ya tara gayya a gonar wani, ya raba aiki, ya raba faɗa, dattawa suna duban hankalinsa. A fada kuwa akwai Taran Gobir, masu zaɓen sarki da ba shi shawara, akwai kuma Inna, mace mai sarauta wadda maganarta ke da nauyi. Saboda akwai mutanen da aka hora haka, da Alƙalawa ta faɗi a 1808 Gobir ba ta ɓace ba. An kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Birni ya rushe, amma an sami masu tada wani.

To, yau ina wannan tsani ya ke? Gayya ta yi rauni, dandali ya mutu saboda tsoron dare, yaron da ya yi ilmi kuwa ya kan tafi birni, ba a ganinsa sai da salla. In zaɓe ya zo sai a ɗauko wanda ya fi kuɗi, ko wanda wani babba ya nuna, a ce ga shugabanku. Wanda bai taɓa riƙon asusun mutum goma ba, ƙaƙa zai riƙe baitulmalin ƙaramar hukuma?

Kada wani ya ce ba a haihuwar manya a nan. Alhaji Attahiru Bafarawa, mutumin ƙasar Isa, ya yi Gwamnan Sakkwato daga 1999 zuwa 2007. Amma itace ɗaya ba ya zama kurmi. Abin da mu ke bukata shi ne mutum a kowace unguwa wanda ya iya kiran taro, ya rubuta abin da aka shirya, ya kai takarda ofis, ya koma ya tambayi inda ta kwana.

Bari in kawo misali daga nesa. A Amurka akwai jama'a masu jin Sifaniyanci, waɗanda asalin yawancinsu daga Meziko ne. Sun daɗe suna da yawa, amma ba su da murya a majalisa. A 1929 suka kafa ƙungiyarsu a Corpus Christi, cikin jihar Texas. A 1974 wani daga cikinsu, Willie Velasquez, ya kafa wata a San Antonio, aikinta bin gida gida ana rubuta mutane a littafin zaɓe. Da kujerun hukumar makaranta da na majalisar gari suka fara. Cikin zuriyar da ta bi wannan hanya aka sami 'yan majalisar ƙasa da ministoci.

Mu ma doka ta buɗe mana ƙofa uku. Ta fari, tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kowace mazaɓa tana da kansila nata. Ta biyu, a 2018 aka rage shekarun mai neman kujerar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ta uku, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙaramar hukuma a ba ta su a hannunta. Akwai kuma dokar 2011 wadda ta ba talaka ikon ya rubuta ya nemi bayani daga ofishin Gwamnati. Amma ƙofa ko a buɗe ta ke, sai mai ƙafa ya shiga.

Ga shawarata. Kowane malamin makaranta ya ɗauki yara biyu ko uku, maza da mata, ya koya musu rubuta takardar koke da lissafin kuɗin jama'a. Kwamitin kula da makaranta da na asibitin mazaɓa a sa samari a ciki, a ba su riƙon littafi, dattawa suna bincikawa. Wanda ya cika shekara 18 a raka shi ya yanki katin zaɓe, waɗanda gudun hijira ya raba da garinsu kuwa a taimake su su mai da rajistarsu inda za su iya jefa ƙuri'a. Kansila a kira shi bayan kowane wata uku ya zauna gaban mutanen da suka zaɓe shi, ya faɗi nawa aka karɓa, me aka yi da su, cikin ladabi ba da zagi ba. Mata kuma kada a bar su a bayan zana. Ƙasar da ta san Inna ba ta da hujjar hana 'ya'yanta mata zama a majalisa.

Ku kuma 'yan'uwa da ke birni, albashinku ba zai sayi gari ba in gari ya watse. Ku zaɓi yaro ɗaya daga ƙauyenku, ku riƙe shi har ya iya tsayawa gaban Shugaban Ƙaramar Hukuma ya yi magana ba da rawar murya ba.

Wanda ya ga kuskure a wannan shawara, ko ya san garin da aka gwada irinta, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita mu ƙaru duka.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Sabon Birni.