Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki: Me Ya Rage Wa Uba A Kanmu?

Gabatarwa

Mutuwa rigar kowa, in ji Hausawa, amma ba kowace mutuwa ce take girgiza gida kamar ta uba ba, ko da kuwa ya tsufa tukuf. Idan dattijo ya rasu za ka ji masu gaisuwa suna cewa, "Ai ya sha miya, sai dai a gode wa Allah." Wannan gaskiya ne, sai dai ɗan da ya saba durƙusawa ya gaishe shi kowace safiya ya san yawan shekaru ba ya rage zafin rashi. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai a kan yadda muke girmama iyayenmu maza bayan sun kwanta dama. Ra'ayina shi ne, mun fi mayar da hankali ga abin da zai ƙare cikin kwana arba'in, mun bar abin da zai daɗe. Kuma a cikin abubuwan da suke daɗewa akwai guda ɗaya wanda mu ɗaliban harshe ne muka fi kowa cancantar mu ɗauke shi, wato adana maganar dattijo da abin da ya sani.

Makokin Zamani

Duk wanda ya zauna a Suleja, ko a Kwamba yake, ko Bakin Iku, ko Maje, ko Madalla, ya ga yadda zaman makoki yake sauya kama. A da tabarma ake shimfiɗawa a ƙofar gida, a zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa, maƙwabta su riƙa aiko da abinci. Yanzu kuwa a gidaje da yawa sai an kafa rumfa an tare hanya, an yi hayar kujeru da lasifika, an ɗora manyan tukwane. Ranar sadakar arba'in kuma wasu har kalanda da jaka suke bugawa da hoton mamaci, kamar ana biki. Na san gidan da aka ci bashi domin a fita kunyar baƙi, alhali bashin da shi mamacin ya bari yana nan ba a waiwaye shi ba.

Ni ba malamin addini ba ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, don haka wannan fage na bar musu. Haka kuma maƙwabtanmu Kirista suna da nasu tsarin jana'iza, wanda ba shi nake magana a kai ba. Amma akwai abubuwan da kowane ɗan Islamiyya ya sani. Zaman baƙin ciki kwana uku ne, ban da matar mamaci da take takaba wata huɗu da kwana goma. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, umarnin da Annabi (SAW) ya bayar shi ne a dafa wa iyalansa abinci, ba su ne za su dafa wa jama'a ba. Sannan dukiyar mamaci tana da tsari: a yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sa'annan a raba gado.

Wani zai ce ai ciyar da mutane sadaka ce, kuma taro shi yake nuna mutum ya zauna da jama'a lafiya. Ban musa ba. Tambayata ita ce, wa ya ci abincin? Idan masu hali ne suka zo a motoci suka ci suka tafi, marayun unguwa kuwa suna leƙe daga bayan rumfa, to wannan ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Kalandar nan kuma ba ta wuce shekara guda a bango, daga nan sai ka tsince ta a wurin mai ƙosai.

Abin Da Yake Daɗewa

A wani hadisi da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, an ambaci abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi wa mahaifinsa addu'a. Akwai kuma wani daga Abdullahi ɗan Umar da yake nuna cewa kyautata wa aminan uba bayan rasuwarsa yana cikin mafi girman biyayya. Idan muka lura, babu ko ɗaya a cikin waɗannan da yake buƙatar rumfa. Rijiya, ko bishiyar da aka dasa, ko kuɗin makarantar ƙannen da ya bari, ko kula da matansa bayan sun fita takaba, ko ziyarar tsohon abokinsa da ya rasa abokin hira, duk waɗannan sun fi shinkafar yini ɗaya daɗewa.

Amma bari in tsaya a kan na biyu, wato ilimi. Da yawa daga cikinmu idan aka ce ilimi sai mu ɗauka sai wanda ya wallafa littafi ko ya koyar a aji. To, me za mu ce da dattijon da ya san sunan kowane irin doya da lokacin dasa shi, ya san salsalar kowane gida a unguwarsu, ya san kirarin masu sarauta da dalilin kowane? Wannan ma ilimi ne, sai dai a ka yake, kuma kai ana binne shi tare da mai shi. Marubucin nan na ƙasar Mali, Amadu Hampate Ba, ya taɓa kwatanta mutuwar tsoho a Afirka da ƙonewar ɗakin karatu. Mu da muke karanta adabin baka muna rubuta wannan magana a jarrabawa mu ci maki, amma mu nawa ne muka taɓa zama da ɗakin karatun da yake zauren gidanmu?

Darasi Daga Suleja

Garinmu kansa shaida ne a kan wannan batu. Lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja da sunansa. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ke nan sunan garin na da da na yanzu duk tunawa ce da magabata.

Amma suna kaɗai ba ya ba da labari. Abin da ya sa muka san yadda aka yi, har da jerin sarakuna da tsarin sarautu irin su Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, shi ne wasu 'yan garin biyu, Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun zauna sun rubuta tarihin da al'adun da Hausa. Frank Heath ya fassara aikin zuwa Turanci, aka buga shi a Ibadan a 1952. Daga baya M. G. Smith ya dogara da shi ƙwarai wajen bayyana tsarin mulkin Zazzau na kafin jihadi a littafinsa na 1960. Da waɗannan mutum biyu sun ce ai kowa ya san labarin, da yau sai dai mu riƙa cewa "an ce, an ce."

Kada kuma wani ya ɗauka sai labarin sarakuna ne ya cancanci rubutu. Baba ta Karo tsohuwa ce kawai a ƙasar Zazzau, ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe sarauta ba. Mary Smith ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Yau duk mai nazarin aure da zumunci da zaman gidan Bahaushe na wancan zamani sai ya bi ta kanta. Baƙuwa ce daga Ingila ta yi wannan aiki. Shin mu da muke 'ya'yan gida jiran wa muke yi?

Abin Da Mahaifina Ya Bari

Ni Gbagyi ne, Hausa a waje na koye ta, a makarantar allo da kasuwa, kafin in zo jami'a in san tana da nahawu. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, manomin doya ne, ya rasu yana da shekara fiye da 80, ni ne autansa. Da aka ba mu aikin tattaro kalmomin sana'a a aji biyu, sai na tafi gida na zauna da shi da wayar hannu. Aikin yini biyu ya zama al'ada, duk hutu sai mun zauna bayan sallar isha'i.

A nan na ji abubuwan da babu su a littattafanmu. Har ya bar duniya, idan ya ce Abuja to Suleja yake nufi, waccan kuwa "birnin gwamnati" yake ce mata. Ya ba ni labarin yadda yana saurayi suke zuwa kallon wurin ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta yi aiki. Lissafinsa kuma da tsohon kuɗi yake yi, na kafin zuwan naira a 1973: anini, ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, nai, sule, fam. Daga bakinsa na gane cewa sisi kwabo 6 ne, sule kuma kwabo 12, sai karin maganganun da suke ɗauke da waɗannan kalmomi suka buɗe mini. Idan zance ya zo kan gona ko kan mahaifiyarsa kuwa, sai Hausar ta ƙare masa ya koma Gbagyi, da wasu kalmomin da ko yayyena ba su san su ba.

Bayan rasuwarsa an raba gona da gida, kowa ya karɓi rabonsa. Amma abin da 'yan'uwana suke ta roƙona in tura musu shi ne muryar nan. Ba ta hana kuka ba, ta ma kan ƙara shi. Sai dai jikokinsa da ba su yi wayo da shi ba za su ji shi da kunnensu, kuma duk wanda ya ji sai ya ce Allah Ya jiƙansa. A ganina wannan addu'a ta fi kalanda dubu.

Shawarwari Ga 'Yan'uwa Ɗalibai

Na farko, wanda mahaifinsa yake raye, to tun ran gini ran zane. Ka nemi izininsa, ka zauna a ƙasa kamar yadda ka saba, kada ka je masa da takardar tambayoyi kamar ɗan jarida. Ka tambaye shi sunan kakanninsa, da garin da suka taso, da sana'arsa da kayan aikinta, da shekarar yunwa ko ta fari da ya gani, sa'annan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana.

Na biyu, ka rubuta rana da wuri da kimanin shekarunsa, kuma idan za ka mayar da maganar a takarda ka rubuta ta yadda ya faɗa. Kada ka gyara masa Hausa zuwa daidaitacciya, domin karin harshensa shi ne dukiyar. Idan ya sauya zuwa Gbagyi ko Nufanci ko Koro ko Fulatanci, ka bar shi a haka, fassara ta biyo baya.

Na uku, waya tana ɓata, tana kuma lalacewa. Ka ajiye a wuri fiye da ɗaya, ka kuma buga a takarda. Abin da ya ce maka sirri ne kuwa, amana ce, ba na kundin digiri ba ne.

Na huɗu, wanda nasa ya riga ya rasu, ƙofa ba ta rufe ba. Aminansa da ƙannensa da matansa suna nan. Ka je ka gaishe su da ɗan goro, ka nemi su ba ka labarinsa. Ka ga ka sada zumunci, ka kuma tsira da tarihi.

Na biyar, ina kira ga sashenmu da ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa su ware wuri a ɗakin karatu domin ajiye irin waɗannan hirarraki, a kuma ƙarfafa wa masu rubuta kundi su ɗauki tarihin dattawan garuruwansu, maimakon a yi ta maimaita jigo da salo a littattafan da aka riga aka tatse.

Kammalawa

A taƙaice, ban ce kada a yi kuka ba, ban kuma ce kada a yi sadaka ba. Cewa na yi rumfa za a naɗe ta, baƙi za su watse, hakkin uba kuwa yana nan. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gado bai tsaya ga gona da gida ba, har da harshe da labari da hali. Kowane ɗa zai iya biyan bashi ya yi addu'a, amma mu da aka koya wa yadda ake sauraron magana a rubuta ta, nauyin da yake kanmu ya fi na saura. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda suke raye lafiya, Ya sa mu zama 'ya'yan da za a amfana da su, amin.