Mangaza ta haɗiye tsakar gida

A cikin unguwannin Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, har ma da Yamai, wani irin gini yana ta yaɗuwa ba tare da an ba shi suna ba. A takarda, ɗakin ajiya ne ko ɗakin girki a bayan gida. A ido kuwa, mangaza ce mai tsawon bango, mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, wadda ta fi gidan da aka ce ita ce ƙarinsa girma. Filin da aka yanka don iyali, murabba'in mita 300 ko 400, sai a wayi gari buhunan shinkafa da na takin zamani sun cinye rabinsa, an sare dogon yaron da ke tsakar gida, mata da yara sun koma girki da wasa a bakin titi.

Ba wanda ke ƙin Alhaji ya sami wurin ajiyar hajarsa; kasuwanci shi ya gina Maraɗi. Abin dubawa shi ne maƙwabci. Rufi mai faɗi ruwa mai yawa yake tarawa, kuma idan an kai bango har kan iyaka, ruwan nan ba shi da wurin zuba sai gindin katangar mutumin da ke gefe, wadda sau da yawa ta laka ce. Damina ɗaya, biyu, katanga ta jiƙa ta zube. Ga manyan motoci da ke toshe hanya da dare. Ga wanda yake ɓoye durom na man fetur bango ɗaya da ɗakin kwanan ƴaƴan wani.

Magabata ba su da takardar izini, amma suna da ƙa'ida: indararon mutum ba ya zuba a gidan maƙwabcinsa, kuma mai unguwa yana iya tsayar da magini tun kafin a ɗora tubali na biyu. Maraɗin da ake gani a yau ma ruwa ne ya haife ta. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon gari daga kwari ya hau tudu, aka yanka masa tituna masu faɗi. Daminar 2024, wadda ta rushe dubban gidaje a ƙasar nan har da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ta isa tunatarwa.

Doka kuma ba ta yi shiru ba. Akwai ta 2017 kan tsarin birane, akwai ta 2018 kan gini da mazauni. Mai son gini yana kai takardar mallakar fili da zanen ginin a ma'aikatar magajin gari, a duba, a ba shi izini. Rauni yana bayan sa hannu ne. Zanen da aka kai ofis dabam, abin da magina suka aza dabam, kuma ba safai ake ganin ma'aikaci ya komo da ma'auni ya gwada ba. Maƙwabcin da abin zai shafa kuwa, ba ya jin labari sai ranar da aka sauke yashi a ƙofarsa. In ya kai kuka, a ce masa mai gini yana da takarda. Takardar me? Ta ɗakin girki.

Tun watan Afrilu na 2024, da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, ba a da hujjar cewa ana tsoron ɓata wa mai ƙuri'a rai. Abu biyu suna hannunsu, kuma ba sa cin kuɗi mai yawa: a kafa allo a bakin fili mai nuna tsawo da faɗin abin da aka yarda a gina, kowa ya karanta, sannan a hana ɗora rufi sai ma'aikaci da mai unguwa sun zo sun ga inda ruwan zai bi.